Ƙasar Gindin Kanya

Ana gab da kiran sallar magariba abu ya faɗo tim a kan kwanon rufin gidan su Bahago da ke unguwar Kwarbai. Matarsa Sailuba tana tuƙa tuwo, ta ɗaga kai ta zagi yaran maƙwabta, ta ci gaba da aikinta. Na biyu ya faɗo tsakar gida ya tarwatse. Ashe ba dutse ba ne, curin baƙar ƙasa ne mai danshi, irin wadda ba a samu a lungunan birni. 'Yarsu Radiya, wadda ta gama wankin kayan babanta ke nan, ta tsaya da bokiti a hannu tana kallon ƙasar kamar ta san ta.

Gidan na gado ne, sassa biyu. Bahago ne babba, Jumare ƙanensa. Da aka zo rabon gonar ubansu ta ƙauyen Gangaren Kanya, Bahago ya fara zaɓe, ya ɗauki wajen rafi, ya bar wa ƙanensa tudun da ko gero sai da lallashi. Sai ga kwalta ta bi ta bakin tudun. Jumare ya ɗaura niyyar gina jerin shaguna a wurin, don mutanen ƙauye su huta da shigowa birni sayen taki da magani. Kwamitin ƙaramar hukuma ya ce ba zai amince ba sai ya ji ta bakin jama'ar wurin.

Jumare kuwa bai yi sanya ba. Ya ɗauki goro ya bi dagaci, ya bi liman, ya bi sarkin pawa. Har mai facin tayan bakin hanya sai da ya tsuguna masa. Yayansa kaɗai ne goron ya tsallake, wai ai na gida ba ya bukatar roƙo. Kullum da yamma Bahago na zaune a zaure yana jin baƙi na tambayar sashen Alhaji Jumare, shi ne ma mai nuna musu ƙofa. Murmushi yake yi, amma na leɓe ne kawai. Hassada ce tsagwaronta, kuma shi ma ya san sunanta.

Jifan bai tsaya ba. Da rana lafiya lau, amma da zarar inuwar katanga ta rufe tsakar gida sai ƙasa ta fara sauka. Aka fara jin tarin tsoho a bayan randa. Radiya ta daina cin abinci, ta daina zuwa makaranta. Wata yamma ta zauna a ƙofar zaure ta miƙe ƙafafu, ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, ta ce da wata murya mai kauri, "Ina nawa goron?"

Sailuba ta saki muciya. Bahago ya miƙe zumbur. Ba haka ya shirya ba.

Jumare ne ya tafi Ƙofar Galadima ya ɗauko Malam Sharfaddeen, dattijon da ba ya gaggawar magana. Bayan sallar magariba Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka zaunar da Radiya, ya fara karatu a hankali. Gidan ya yi tsit, har tsakin ƙadangare a jikin bango ana ji. Can yarinyar ta sandare, wuyanta ya karkace.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Ni maƙwabcinsu ne. A gindin kanyar da ke tudun Jumare nake tun kakansu bai iya tafiya ba. Ubansu in ya yi girbi yakan bar mini dami. Wannan kuwa ya gai da kowa. Mai facin taya da ya zo jiya ya ci goro, ni da na ga haƙa rijiyar garin ko sallama."

Jumare ya durƙusa. "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Mu biyu ka tsallake," in ji muryar.

Malam bai bi ta kan wannan ba. "Laifin Jumare ne, to me yarinya ta yi maka? Kuma me ya shigo da kai cikin ganuwa?"

Radiya ta yi wata dariya wadda ba tata ba. "Ni na san hanyar birni? Ɗauko ni aka yi. An ɗebi ƙasar gindina, an barbaɗa a ƙofar Jumare, don in hana shi barci, labari ya kai ƙauye a ce wurin ba ya ginuwa. Amma wanda ya ɗebo ni, garaje gare shi. Ya bar saura a aljihun rigarsa. Ita kuwa ta zo wanki, ta zura hannu ta juye aljihun."

Babu wanda ya waiwaya. Ba sai an waiwaya ba, kowa a gidan ya san rigunan wa Radiya ke wankewa. Sailuba ta ja mayafi ta rufe fuska. Jumare ya kafe idonsa a tabarma.

Malam ya ɗaga murya da karatu har yarinyar ta fara kakari. Muryar ta nemi sulhu. Ta ce a bar mata kanyarta, kada gini ya taɓa inuwarta. Jumare ya amsa nan take. Ta nemi jini, Malam ya ce ba a yanka don kowa sai Allah, ta haƙura.

"Saura ɗaya," ta ce. "Hannun da ya ɗebo ƙasata shi zai mayar. Da rana tsaka, ranar da kwamiti zai zauna da mutanen gari. In wani ya kai, zan dawo."

Bahago ya dubi 'yarsa, leɓɓanta sun bushe, idanun sun faɗa. Ya tuna yadda dagaci ke miƙewa in ya gan shi, yana ce masa babban gida. Ya cire hularsa, ya tsuguna, ya fara tattara curin ƙasar da ke tsakar gida yana zubawa a ciki.

Radiya ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Iska ta kaɗa labulen zaure, ta wuce.

Jumare ya tashi ya shiga sashensa. Ya fito da goro a faranti, ya durƙusa gaban yayansa. "Yaya, na zo neman goyon bayanka."

Bahago bai iya miƙa hannu ba, hannuwan biyu cike suke da ƙasa.

A lokacin Radiya ta buɗe ido. Ba ta tuna komai ba. Ta ga babanta a tsugune, kai babu hula, sai ta ce da 'yar muryarta ta kullum, "Baba, ka yi haƙuri da farar rigarka. Na cuɗa, na cuɗa, baƙin aljihun nan ya ƙi fita."