Saƙon Tallafin Ambaliya

Da hantsi Hajiya Labiba, tsohuwa mai sayar da atamfa a kasuwar Missèbo, ta shigo komisariya, ofishin 'yan sanda, tana laluben bango. Sufeto Rahina ta tashi ta kamo hannunta, ta zaunar da ita.

"'Yata, kuɗin aikin idona ne," in ji tsohuwar. "A waya nake tara su. An kwashe tas."

Sufeto ta duba wayar. Imel ne da Faransanci, har da tambarin gwamnati, wai tallafin waɗanda ambaliya ta shafa a Zongo ya fito, a shigar da lambar sirri a karɓa.

"Inna, wa ya karanta miki?"

"Husaina maƙwabciyata. Ita ma an wanke ta."

"Wa ya buɗe muku imel ɗin?"

"Fadel, lokacin rajistar tallafi. Duk layinmu shi ya buɗe wa. Maraya ne, a hannuna ya tashi. Kada ma ki kawo shi a ranki."

Sufeto ta rubuta sunan a littafinta.

Kamfanin waya ya tabbatar a rumfar wani wakilinsu, Razak, da ke bakin titi aka cire kuɗin. Da Sufeto ta je, Razak ya rantse wanda ya cira baƙo ne, bai san fuskarsa ba.

"Baƙo ya ciri kuɗi masu yawa haka, ba ka nemi katin shaidarsa ba?"

Razak ya sunkuyar da kai. "Ranki ya daɗe, in na faɗa, zuciyar tsohuwar nan ba za ta ɗauka ba."

Sufeto ta gane wanda yake nufi. Ta sami Fadel a tsakar gidan Hajiya yana gyara mata murhu. Da ta tambaye shi, ya ce ai ranar da aka cire kuɗin yana Parakou.

"Razak fa ya ce da hannunsa ya miƙa maka," in ji Sufeto, don ta gwada shi.

Fadel ya saki murhun. Sai hawaye.

"Wasu ne a Ganhi suka koya mini. Na tura wa kowa saƙon a lokaci ɗaya, wallahi na manta nata na ciki. Sai da kuɗin suka shigo na ga sunanta."

"Da ka gani, ka mayar?"

Ya girgiza kai. "Na ba su rabonsu. Nawa yana ɗaki, na kasa taɓawa."

Ashe Hajiya na tsaye bakin ƙofa, ta ji komai. Ta taho a hankali, ta shafa fuskarsa da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓi.

"Husaina fa? Ita ba uwar wani ba ce?"

Fadel ya durƙusa a gabanta.

Hajiya ta juyo wajen Sufeto. "'Yata, alfarma ɗaya. Kada ki sa masa ankwa sai kun wuce masallaci."

Sufeto ta mayar da ankwar aljihu. Ta ce in ya nuna mata mutanen Ganhi, za ta shaida wa alƙali. Ya ɗaga kai alamar zai yi.

Har sun kai zaure ya waiwayo. "Inna, ki yafe mini."

"Ban yafe ba tukuna," in ji Hajiya. Sannan ta tambayi Sufeto, "Ƙarfe nawa ake barin a kawo musu abinci?"