Ɗigo Uku A Jikin Harsashi

Da hantsi wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar ofishin 'yan sanda da gawa a bayanta, an lulluɓe ta da bargo. A Makka ne, shekarar 1965. Mutum biyu suka sauko, kowanne rataye da bindigar farauta. Da askarin bakin ƙofa ya ji Hausa suke yi, sai ya aika a kira Sufeto Idris.

A Makka aka haifi Idris, iyayensa ta Sudan suka shigo. Hausawan garin ba sa son ganinsa a unguwanninsu, domin duk wanda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, yana ganin kakinsa zai tuna da jirgin da ke mayar da mutane gida.

Ya ɗaga bargon. Rauni ɗaya ne, a ƙirji.

"Wane ne?"

"Mailafiya ne, na unguwar Nakkasa," in ji dogon cikinsu, wani mahauci mai suna Rabe. "Shi ke ɗura mana harsasai. Farauta muka je duwatsun hanyar Ɗa'ifa, bayan iyakar Harami."

"Wa ya harbe shi?"

Rabe ya nuna abokin tafiyarsa da haɓa. "Issoufou. Tsautsayi ne. Tun da muka fita harbinsa ke kaucewa, yau dama, anjima hagu. Ya auna akuyar dutse, Mailafiya na gefe, sai muka ga ya faɗi."

"A lokacin kai ka yi harbi?"

"Ni ban taɓa kunamar bindigata ba."

Issoufou, wani siririn mai ɗaukar ruwa daga Damagaram, ya matso gaba.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ban san yadda aka yi ba."

"Ba a tambaye ka ba tukuna," in ji Idris. "Iƙamarka?"

Issoufou ya sunkuyar da kai. Idris ya sa aka kulle shi, aka karɓe bindigogin biyu da jakunkunan harsasansu, aka sallami Rabe.

Kafin a yi wa mamacin sutura likita ya ciro ƙwayar harsashin, ya aiko da ita cikin auduga. Idris ya juya ta a tafin hannunsa. Ta ɗan lanƙwashe a baki, amma can kusa da gindinta akwai ɗigo uku a jere, kamar an danna da ƙusa.

Bindigogin iri ɗaya ne, tsofaffin na sojan Ingila. Harsasan ne suka bambanta. Da ya jera su a kan tebur sai ya ga na Rabe dogaye ne, na Issoufou kuwa gajeru ƙwarai, ƙwayoyin sun nutse cikin kwanso, kuma tsininsu ya baje.

Washegari ya hau dutsen Nakkasa da ƙafa. Yana shiga lungu ƙofofi suka fara rufuwa. Wata tsohuwa ta watsa ruwan wanke-wanke dab da takalminsa, ba ta ko dube shi ba.

Rumasa'u, matar Mailafiya, tana takaba. Ta bayan labule ta amsa sallamarsa.

"Me kuma kuke nema? An binne shi."

"Baiwar Allah, ɗakin aikinsa zan gani."

"Ka gani, sannan ka dawo da mota ka kwashe mu, ko? Mun san aikinku, ku shurɗa."

"Ban tambaye ki takarda ba. Kada ki sa in tambaya."

Sai ta turo mabuɗi ta ƙarƙashin labulen.

Ɗakin ƙarami ne, yana warin albarushi da mai. Ga kwansuna a cikin kwano, ga ma'auni, ga matsi na ƙarfe. A bango an rataye harsasai guda uku da zare, kowanne a ƙusarsa, tsawonsu ba ɗaya ba. Idris ya girgiza ɗaya a kunnensa, babu albarushi a ciki.

"Waɗannan fa?"

"Samfuri ne," in ji ta daga tsakar gida. "Mai jan zare nasa ne. Mai baƙi na Rabe, mai fari na Issoufou. Yakan ce kowace bindiga da irin maƙogwaronta. In ƙwaya ta nutse cikin kwanso da yawa, sai ta yi tsalle kafin ta kama tsagin bututu, harbi ya kauce. In ta yi tsawo da yawa kuma ta tokare, sakatar bindiga ba ta rufuwa, in an tilasta mata bindiga na iya fashewa."

"Ɗigo ukun nan fa?"

"In ya gama zaunar da ƙwaya, yakan danne wuyan kwanson wuri uku don kada ta motsa."

Idris ya ciro harsashi ɗaya daga na jakar Issoufou, ya kara shi da samfurin mai farin zare. Na jakar ya fi gajarta a fili.

"Mijinki yakan yi kuskure irin wannan?"

"Kada ka ɓata masa suna a gidansa. Sau ɗaya ya yi kuskure a duniya, daga nan ne ya fara rataye samfuri."

"Wa ya karɓi harsasan tafiyar nan?"

"Rabe. Ya ce zai miƙa wa Issoufou nasa, hanyarsu ɗaya."

"Abokin mijinki ne?"

"A da. Tun abin da ya sami ƙanensa Hadi bai sake taka gidan nan ba, sai kwanan nan ya dawo da fara'a, wai komai ya wuce."

"Me ya sami Hadi?"

"Je ka tambaye shi. Ni na gaji da kai."

Idris ya ɗebi ragowar harsasan da ke ƙarƙashin ƙusa mai farin zare, ya haɗa da samfurin mai baƙin zare, ya fita. Ba ta amsa sallamar bankwanansa ba.

A filin da 'yan sanda ke koyon harbi, bayan gari, ya sa aka kafa allo aka kawo Issoufou da ankwa a hannu. Idris da kansa ya kwanta da bindigar Issoufou. Ya fara da gajerun harsasan jakar. Ɗaya ya sami gefen allon, ɗaya sama, ɗaya ma ƙasa ya tayar. Sannan ya sa waɗanda ya ɗebo daga ɗakin Mailafiya. Duk suka taru wuri guda, tafin hannu ya isa ya rufe su.

"Bindigarka lafiyarta ƙalau," ya ce. "Harsasanka aka bubbuga da guduma. Ba ka lura sun gajarta ba?"

"Ni ban san kansu ba, ranka ya daɗe. Abin da aka ba ni nake sawa."

"Da ka harba, ƙara nawa ka ji?"

"Biyu. Amma duwatsun nan suna amsa kuwwa. Rabe ya ce amsa kuwwa ce."

"Ina yake tsaye?"

"A bayana, ya hau wani dutse."

Idris ya karɓi filaya, ya zare ƙwaya daga harsashin Issoufou. Ɗigon suna tsakiyar jikinta, da dogayen karce inda aka tura ta da ƙarfi. Ya zare ta Rabe. Ɗigonta suna can kusa da gindi, daidai da wadda likita ya ciro. A ƙarshe ya ɗauki dogon harsashin Rabe ya sa a bindigar Issoufou, ya tura sakata. Ta tsaya, ta ƙi rufuwa.

"Ba kai ka kashe shi ba."

Issoufou ya durƙushe a ƙasa ya rufe fuska. Da ya ɗago bai yi godiya ba.

"To yanzu mayar da ni gida za ku yi?"

"Wannan wani ofishin ne," in ji Idris, ya juya.

Gidan Rabe na ƙasan dutsen, kusa da rumfunan mahauta. Idris ya je da askari biyu da bindigar Issoufou naɗe a buhu. Ya tarar da Rabe a zaure yana yanka wa wani saurayi nama a kwano. Fuskar saurayin duk tabon ƙuna ce, idanunsa biyu sun mutu.

Rabe bai ba shi wurin zama ba.

"Na faɗa maka abin da na sani."

"Ka faɗa mini ƙarya. Ƙwayar da aka ciro daga ƙirjin Mailafiya taka ce, an zaunar da ita don bindigarka."

"To harsasan ne suka cakuɗe. Wataƙila nawa ɗaya ya faɗa jakarsa."

Idris ya warware buhun, ya miƙa masa bindigar da samfurin nan mai baƙin zare, wanda ba shi da albarushi.

"Sa shi. Rufe sakatar in gani."

Rabe ya sa, ya tura. Ya sake turawa da gindin tafinsa har jijiyar wuyansa ta tashi. Sakatar ba ta rufu ba.

Saurayin ya karkato kai. "Yaya, kada ka tilasta mata. Haka na yi."

"Kai ne Hadi?" in ji Idris.

"Ni ne. Shekaru biyu ke nan. Mailafiya ya ɗura mini harsashi ya yi tsawo, na buga sakata da dutse ta shiga, na harba, bindigar ta fashe a fuskata."

"Yi shiru," in ji Rabe.

"Kai ka karɓi harsasan Issoufou," in ji Idris. "Ka bubbuga su don harbinsa ya yi ta kaucewa a gaban kowa. Sannan ka hau dutse a bayansa ka jira ya ja kunama, ka ja taka. Ka zaɓi wanda ba shi da takarda, wanda ba mai tsaya masa."

Rabe ya ajiye bindigar a ƙasa a hankali.

"Ko sannu bai zo ya yi mana ba," ya ce. "Na je har gidansa, ya ce laifin yaron ne, wa ya sa shi buga sakata da dutse. Kullum ni ke jan yaron nan zuwa masallaci, ni ke sa masa abinci a gaba, shi kuwa yana wucewa ta ƙofata da nama a kafaɗa. Na harbe shi. In an dawo da shi zan sake."

"Issoufou fa? Me ya yi maka?"

"Kuskure za a ce ya yi. Ba a sare kan mai kuskure."

"Kai kuwa ba kuskure ka yi ba. Miƙo hannu."

Askari ɗaya ya ɗaura masa ankwa. Mahauta sun bar rumfunansu sun cika bakin lungun, Idris ya ji an tofar da yawu a bayansa.

Hadi ya miƙe yana laluben bango har ya kai bakin ƙofa.

"Yaya."

Rabe ya tsaya bai waiwaya ba.

"Ya zo. Ranar da ka tafi yankan layya a Mina Mailafiya ya zo, ya durƙusa a nan yana kuka, na yafe masa. Tsoron faɗa maka na ji."

Rabe ya waiwayo ya dubi ƙanensa. Askarin ya ja shi, suka gangara da shi inda motar ke jira.