Ranar da Auta Ya Hau Rufi

A gidansu Marubuciya ake ce mata. 'Yar aji biyar ce, kullum da biro a hannu. Matsalarta ɗaya, ba ta iya gajarta labari ba. Idan ɓarawo yana gudu a labarinta, sai ta tsayar da shi ta ƙirga maɓallan rigarsa. Malamarsu ta yi faɗa har ta gaji. Ita kuwa ko a jikinta.

Wata Asabar da hantsi, Umma ta tafi kasuwa, ta bar mata ƙaninta Auta, ɗan shekara uku. Marubuciya ta zauna a tsakar gida tana rubutu, ta manta da shi.

Can ta ji kwanon rufi ya yi ƙara. Ta ɗaga kai. Ga tsanin da kafinta ya bari a jingine da bango. Ga Auta can sama, yana rarrafe zuwa bakin rufi.

Gabanta ya faɗi. Tana tsoron hawa tsani, sai ta ruga ɗaki wurin Abba, wanda yake gyaran fanka.

"Abba, ka san kafintan nan mai jar hula, wanda ya zo jiya?"

"Na san shi," in ji Abba, ko juyowa bai yi ba.

Tana haki ta shiga kwatanta tsanin, da tsawonsa, da inda take zaune. Tsoro ya cika ta, amma bakinta ya saba da doguwar hanya.

Rufin ya sake yin ƙara, daidai saman kansu. Abba ya juyo.

"Ina ƙaninki?"

"Yana kan rufi!"

Abba ya fita da gudu, ba takalmi. Auta ya zame. Ƙafarsa ɗaya ta leƙo. Ya tsala ihu. Abba ya miƙa hannu. Yaron ya faɗo a ƙirjinsa, suka zube ƙasa tare.

Auta ya tsira, sai dai kwano ya yanke shi a tafin hannu. Marubuciya ta ga jini, ta fashe da kuka.

Da Abba ya ɗaure ciwon, ya jawo ta kusa. "Da kin ƙara jimla ɗaya, da ban kai ba. Me ya kamata ki fara faɗa?"

"Auta yana kan rufi," ta ce a hankali.

"Kalma huɗu ke nan. Hular kafinta za ta iya jira."

Auta ya miƙo mata hannun ta hura masa. Ta hura, ya ƙyalƙyale da dariya, ta rungume shi ƙam.

A ranar ta gane cewa idan abu yana faruwa da sauri, a baki ne ko a takarda, abu mafi muhimmanci ake faɗa, a gajarce. Sauran bayani sai kowa ya tsira.