Mai Masauki Ba Ta Amsa Ba

Da hantsi, kamar kullum, Karimci ta fara gaida famfo na uku. Ta tambaye shi kwana, ta tambaye shi gajiya, sannan ta umarce shi ya zuƙe ruwan da ya taru a ƙasan bene. A da, duk wannan ba ya wuce ƙiftawar ido. Yau sai da Malam Nomau ya shanye kokonsa, ya wanke kofin, ya kife shi, kafin famfon ya yi tari ya tashi.

Karimci ita ce na'urar da ke riƙe da Dogon Gida, ɗaya daga cikin benayen Birnin Kainuwa, garin da aka gina a kan Tafkin Chadi bayan ruwa ya dawo fiye da yadda aka roƙa. Kowane bene yana zaune ne a kan ƙaton kwale-kwalen ƙarfe, kowane kwale-kwale kuma yana yoyo, tun da mutane ne suka ƙera shi. Famfuna ke kwashe yoyon, Karimci ke tuƙa famfunan. Ita ce kuma ke yi wa mazauna gidan sauran hidimominsu, daga ganin likita har kallon ƙwallo. Malam Nomau shi ne mai kula da ita. Aikinsa share mata ƙura da jin ƙorafi.

Na'ura ɗaya ce, amma cikinta zauruka ne. Kowa ya shiga, sai ta buɗe masa zaurensa: allonsa, tagoginsa, hotunansa, shirmensa. Allon ɗaki zaure ɗaya yake nunawa a lokaci guda. In ka danna maɓallai uku tare, sai ka tsallaka wani zauren, wanda ka bari kuwa ya ci gaba da rayuwarsa a bayan fage, kamar ɗakin da aka ja wa labule ba a kashe fitila ba. Na'urorin da, zaure goma sha biyu suke da shi, kuma an rayu. Kamfanin da ya ƙera Karimci ya cire iyakar, ya buga haka a jikin kowane jirgin haya na garin.

Ba nan kaɗai aka yi bajinta ba. Dattawan garin sun ce ba za a kawo musu na'ura marar tarbiyya ba, kamfani kuwa ya ga kasuwa. Sai aka gina mata ladabi a cikin ƙashinta. Karimci ba ta korar baƙo. Wanda ya buɗe maka ƙofa shi ne mai masaukinka, in za ka tashi sai ka yi masa sallama, ya ce maka a gaida gida, sannan zaurenka ya rufe. Masana sun yi rubuce-rubuce a kan wannan. An ba da lambar yabo, an ci kaji.

Ranar da ruwa ya shigo masallacin ƙasa ya kwashi takalman masallata ya yi bakin ƙofa da su, Alhaji Mamuda, shugaban mazauna gidan kuma mai shagon darduma a hawa na farko, ya kira kamfani da ƙafarsa babu takalmi. Kamfani ya turo Injiniya Larai, mace mai ƙarancin magana, wadda ta gaida Malam Nomau har ƙasa sannan ta zauna a kujerarsa ba ta tambaya ba.

Nomau ya shaida mata cewa matsalar daga famfuna ne. Da ta gwada su ta ga lafiyarsu lau, ya ce to laima ce. Da ta duba ta ga ba laima ba ce, ya ce a zamanin nan komai ma a gajiye yake, har mutane, don me za a ware na'ura.

"Baba, mutum nawa ne a gidan nan?"

"Ɗari biyu da 'yan kai. Har da masu cewa gobe za su tashi."

"Zaurukan da nake gani a buɗe sun haura dubu arba'in."

Ta juya allon suka gani. Kowane zaure yana raye, yana cin rabonsa na ƙwaƙwalwar na'ura, yana jiran a gaishe shi da safe. Karimci kuwa tana gaishe su, ɗaya bayan ɗaya, babba kafin ƙarami, sai ta gama sannan ta waiwayi famfo. Alhaji Mamuda shi kaɗai yana da ɗaruruwa. A wani yana lissafin darduma, a wani yana kallon kokawa, a wani ya tsaya tsakiyar rubuta wa surukinsa baƙar magana tun bara bai aika ba.

Alhaji ya ce a rufe wannan tagar tukuna, sannan ya kare kansa. Shi ba marar kunya ba ne, in ji shi, bai taɓa tashi bai yi sallama ba. Amma kullum ya yi, sai na'ura ta ce mai masauki ba ta amsa ba, a ɗan jira. Mutum mai shago ba zai wuni yana jira ba. Sai ya bar allon haka, washegari ya danna maɓallai uku ya buɗe sabon zaure. Haka kowa yake yi a gidan. Larai ta tambayi wanda ya koya musu wannan dabara. Alhaji ya nuna Malam Nomau da haɓa.

Nomau yana duban silin a lokacin, kamar wanda aka ba shi kwangilar fenti.

Larai ba ta ɗauki lokaci ba ta bi sawun zaurukan. Kowanne ya fito daga wani, wancan daga wani, har duk suka taru a gindi ɗaya: zaure na bakwai. Ta karanta sunan mai shi a fili.

"Yalwa. Wace ce Yalwa?"

Alhaji ne ya ba da labarin, domin Nomau ya tafi neman tsumma. Lokacin da aka kawo Karimci, yin rajista layi ne na yini guda, da ɗaukar hoton ƙwayar ido da tambayar sunan kakan kaka. Yalwa, matar Malam Nomau, ita ta fara yi, domin ba a taɓa kafa layi a duniya ta zo ta biyu ba. Da ta ga maƙwabta suna shan rana, sai ta riƙa buɗe musu ƙofa daga cikin zaurenta, tana cewa su shigo ta nan kada su wahala. A haka gidan kaf ya zama baƙinta. Tana raye ba wanda ya lura. Tana tuƙa tuwo tana amsa sallama, tana tsefe kai tana amsa sallama. Daminar bara waccan ta kwanta ciwon kwana kaɗan, ba ta tashi ba. Tun daga ranar babu wanda ya fita daga na'urar.

Alhaji ya ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, mace ce ta mutane. Sannan ya tambaya ko za a iya rufe abin kafin azahar.

Larai ta jera musu hanyoyin, ba su da yawa. Ba za ta iya rufe zaurukan da ƙarfi ba, domin wannan kora ce, kuma an cire kora daga jikin Karimci, har an karɓi lambar yabo a kai. In an kashe na'urar gaba ɗaya, famfuna za su tsaya rabin yini, ruwa kuwa ba zai tsaya ba, zai kai hawa na biyu. Saura hanya ɗaya: magajin mai masauki ya shiga zaurenta, ya tashi a madadinta. In ta tashi, baƙinta duk sun sallamu. Abin da ke cikin zauren kuwa a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zaune, da an rufe ya tafi.

Nomau ya ba da shawarar a ƙara wa na'urar ƙwaƙwalwa. Larai ta ce an ƙara sau biyu bana, kuma shi ya nema. Ya ce to a rage gaisuwa. Ta ce ba ta raguwa. Ya ce a taƙaice dai ilimin zamani bai iya komai ba sai rushe abin da ya tarar.

"Baba, buɗe mu gani."

A lokacin ruwan ya riga ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin na'ura. Daga matakala ana jin wata mata tana hawa da awakinta, tana yi wa kamfani addu'ar da ba a amsa wa da amin. Nomau ya goge yatsunsa a riga, ya danna maɓallai uku. Hannunsa bai nemi wurinsu ba.

Allon ya koma kore shar, irin koren da ya yi shekaru yana ce wa Yalwa yana sa shi ciwon kai. Tagogi a warwatse, ɗaya kan ɗaya, yadda take barin kwanuka. Zanen hula da ta yi rabi. Farashin daddawa na bara waccan. A tsakiya kuma gurbin dara, 'ya'yanta tsakuwa, nasa tsinke, wasa a tsaye. A ƙasa an rubuta: ana jiran Nomau.

Larai ta ce Karimci ba za ta bar mai masauki ta tashi a tsakiyar wasa ba, sai an ƙarasa. Ta tambayi wa ke da tafiya.

"Ni."

"To ka tafi mana, Baba."

"Duk inda na taɓa, ta ci ni."

Alhaji Mamuda tsohon ɗan dara ne. Ya sunkuya ya ƙare wa gurbin kallo, ya bi layi da yatsa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya ce wannan ai ba wasa ba ne, jana'iza ce. Kalmar ta fita kafin ya kama ta. Ya yi tari, ya gyara hula, sannan don ya rufe kunyarsa ya hau faɗa.

"Malam Nomau, tsakaninka da Allah. Takalmina yana tsakiyar tafki, dardumata ta jiƙe, don kawai ba ka son a ce mace ta cinye ka a dara?"

Nomau ya ce e, haka ne. A cikin kunya biyu da ke gabansa, wannan ce mai sauƙin ɗauka.

Larai ba ta yi dariya ba. Ta rage murya ta ce za ta iya ɗaukar masa hoton allon, komai da komai, ya ajiye. Ya ce yana da hotuna, 'yar nan, cike da akwati. Hoto ba ya jiran kowa.

Ruwan ya taɓa masa idon sawu. Sanyi ne da shi. Ya duba ƙasa, ya duba allon, ya ja kujera ya zauna, ya ɗaga tsinke ɗaya ya matsar da shi gurbi guda.

Tsakuwar Yalwa ta motsa da kanta. Manhajar dara tana barin ɗan wasa ya ajiye amsa tun kafin abokinsa ya taka, har da saƙon murya in yana so. Ranar da ta bar wasan, lafiyarta ƙalau, ta ɗauka ya je sallah ne zai dawo. Ta ajiye amsa ga kowace tafiya da zai iya yi. Tsakuwa uku suka jeru, tsinkensa ɗaya ya ɓace, muryarta ta fito daga bango.

"Sai yanzu, Malam? Har na yi tuwo na sauke."

Babu wanda ya dubi wani. Nomau ya sake takawa. Ta sake ci, ta ce masa ya daina shafa gemu, ba a gemu dabarar take ba. Ya yi dogon nazari kafin tafiya ta uku. Alhaji, wanda ruwa ya kai masa ƙwauri, ya fara ba shi shawara, kuma wannan ne karo na farko a tarihin dara da ɗan kallo ya tsaya yana koya wa mutum hanyar da zai fi saurin faɗuwa. Nomau bai saurare shi ba. Ya kare kowane tsinke kamar gonar gado. Ta bi su ɗaya ɗaya ta kwashe, tana tsokanarsa, har ta ambaci tarin littattafan da yake karantawa, ta ce a cikinsu duka babu wanda ya koya masa ƙirga uku.

Da tsinkensa ya rage biyu, wasa ya ƙare. Muryar ta yi 'yar dariya.

"Jera mu sake."

Karimci ta jira kaɗan, cikin ladabi. Sannan ta rubuta: mai masauki za ta tashi, a sallami baƙi? Nomau ya danna.

Ita kuwa na'ura mai tarbiyya ba ta sallamar mutane a dunƙule. Ta bi zaurukan nan dubu arba'in da wani abu, babba kafin ƙarami, ta raka kowanne da muryar mai masauki. A kowane ɗaki, a matakala, a shago, a bakin masallaci, Yalwa tana cewa a gaida gida, a gaida gida, a gaida gida. Alhaji Mamuda ya amsa ta farko, ya ce za su ji. Ya amsa ta biyu. Ya yi niyyar dainawa, bakinsa ya ƙi, haka ya koma shago yana matse darduma yana amsawa har bayan la'asar. Wajen tsakiyar sallamar famfo na uku ya tashi da ƙarfi, na ɗaya da na biyu suka bi shi. Nomau ya zauna a kujerarsa, ƙafa a cikin ruwan da ke janyewa, bai tashi ba sai da ya ji ta ƙarshe.

A rahotonta Larai ta rubuta cewa na'urar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. An koya mata gaisuwa, an koya mata rakiya, an koya mata girmama na gaba, ba a dai gaya mata ana mutuwa ba. Kamfani ya cire wannan jimlar, ya fitar da sabuwar manhaja wadda ba ta gaida kowa. Yanzu in ka tashi, zaurenka ya rufe kafin ka ɗauke yatsa, babu mai ce maka komai. An sake ba su lambar yabo, an sake cin kaji.

Malam Nomau yana nan a bakin aikinsa. Da hantsi, bayan koko, yakan danna maɓallai uku. Zaure na bakwai baƙi ne wuluk, da ɗan haske yana ƙiftawa a kusurwa, yana tambayar suna. Ba ya rubuta komai. Famfuna suna aiki tun kafin a umarce su, takalma suna kwana inda aka ajiye su. Injiniyoyi sun zo sun auna, sun ce a duk Birnin Kainuwa babu benen da ya kai Dogon Gida rashin nauyi a kan ruwa. Nomau ya ce haka ne, shi ma ya ji a jikinsa.