Haƙora Shida

"Ratih, ki gaya wa Bapa gaskiya," in ji Bli Wirya, saurayina, a ƙofar asibitin haƙori.

"In ce masa me? Ya jira wata uku? Mutumin da ciwon ƙoda ya kwantar?"

Ni kuwa na ci gaba da zazzaga masa masifa, alhali ba shi ya kar zomon ba.

Shekarata ta ƙarshe a jami'a ce ta cinye ni. Sau uku malamina yana dawo mini da aikin bincikena. Abinci ya fita raina, sai kofi mai uban sukari da alewa, ga cizon haƙora cikin barci. Kafin in farga haƙoran gaba sun yi kogo. Likita ta ce kada ƙarfe ya taɓa su sai an gama gyara.

Ga shi mahaifina, Bapa, ya tsayar da ranar metatah, ranar da bisa al'ada za a goge mini tsinin haƙora shida na sama da magagari kafin aure. A Bali shi ne nauyi na ƙarshe da uba ke saukewa. Kullum maganarsa ke nan: ya ga wannan, sannan ya huta.

Na ɓoye maganar. Dariya ma da hannu a baki nake yi.

Da ranar ta zo, na kwanta cikin ado, dangi sun kewaye ni. Tsohon da zai yi aikin ya sa mini guntun rake tsakanin haƙora, ya leƙa... sai ya ajiye magagarinsa. A hankali ya ce in ya goga za su farfashe.

Bapa ya sa aka matso da kujerarsa. Ya daɗe yana kallon bakina.

"'Yata... kullum jarrabawa nake tambayarki. Ban taɓa tambaya ko kin ci abinci ba."

"Bapa, ka yafe mini..."

"Je ki a gyara. Zan jira."

Wallahi ya yi ƙoƙari. Sati bakwai ya yi, sai rai ya yi halinsa.

Bayan wata biyar aka yi bikin metatah ɗin, Bli Wirya na riƙe da ƙafafuna yana hawaye. Da aka gama, tsohon ya miƙo mini madubi, ya tambaya ko sun yi mini. Sun yi kyau ƙwarai. Na juya in nuna wa Bapa, har na buɗe baki kafin in tuna.