Mai Awon Rana da Katangar Yayanta

A wani gari mai nisa, akwai wata mata mai awon rana. Tana da farantin sola mai allura. In haske ya yawaita allura ta tashi, in ya ragu ta kwanta.

Wata tsohuwa ta kawo ƙara: katangar maƙwabci ta tare wa tumatirinta rana. Maƙwabcin kuwa yayan mai awon ne, wato wanta.

Ya ce, "Ƙanwata, auna da tsakar rana kawai, lokacin da katangar ba ta da inuwa."

Ta auna da safe, allura ta kwanta. Ta auna da hantsi, allura ta kwanta.

Ta ce, "Yaya, tumatir ma yana karin kumallo. Rage katangar."

Ya rage katangar. Washegari haske ya malalo kan ganye kamar zuma, allura ta tashi tun da safe.