A Madadin Saiwar Yangona

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya.

Ni da ƙawata Litiana muna zaga tsibiran Fiji da jakunkunanmu a baya. A wani ƙauye ta ce in jira a bakin teku, za ta kai wa dattawa gaisuwar saiwar wani tsiro, yangona, wadda baƙo ba ya kwana sai ya miƙa. Da magariba na hango ta cikin kwalekwale, ta juya mini baya.

Wata tsohuwa ta tsaya kusa da ni, tana ƙarnin kifi.

"Sauke jakar nan, jikata. Haka ake shiga gari, kaya a baya kamar kunkuru?"

"Kaka, ƙawata ta kawo saiwa?"

Ta yi dariya. "Ruɓaɓɓiya ce, na ƙi. Sai ta ce ta bar mini abin da ya fi a bakin teku. Taho."

Ta rungumi jakata, ta yi gaba. Yashin a jiƙe yake, amma sawuna kaɗai ke kansa, babu nata.

Na cire takalma, na sulale cikin bishiyoyin kwakwa kafin ta waiwayo.